Yadda Ake Bin Allurar Ido Ga Mai Ciwon Makula Na Tsufa

Daga shekara 50 zuwa sama, wasu kan lura cewa layin rubutu ko gefen ƙofa ya fara karkacewa, ko wani duhu ya tare tsakiyar fuskar wanda suke kallo alhali gefe-gefe na nan garau. Wannan ba irin yanar ido ba ce da ake cirewa da tiyata. Sau da yawa makula ce ta lalace, wato tsakiyar tantanin bayan ido, kuma idan ciwon ya yi tsanani, wasu jijiyoyin jini marasa ƙwari ne ke tsirowa a ƙarƙashinta suna yoyo. Maganin wannan yoyo allura ce a cikin ido, ta magunguna irin su Avastin, Lucentis ko Eylea, kuma akasari ana fara ta sau ɗaya a wata har wata 3, sannan likita ya riƙa ƙara tazara gwargwadon abin da hoton bayan ido ya nuna.

Ranar zuwa asibiti ka tafi da ɗan rakiya, da katinka, da baƙin tabarau, domin maganin da ake ɗigawa don buɗe ƙwayar ido kan dusashe gani na tsawon sa'o'i, kuma bai kamata ka tuƙa mota ko babur ba. Kada a sa kwalli ranar. Idan idon yana kwantsa, ko ka yi fama da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya kwanan nan, ka gaya wa likita kafin a fara.

Allurar kanta ba ta kai yadda ake jin tsoronta ba. Za a ɗiga maganin kashe zafi, a wanke idon da aidin, a sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar ido, a ce ka kafa kallo a gefe guda, sannan a soka siririyar allura ta farin ido. Cikin daƙiƙu kaɗan an gama.

Jin kamar yashi ya shiga ido, da ɗan jan tabo, da baƙaƙen ɗigo masu yawo, duk sukan wuce da kansu. Kada ka murza idon, ka kare shi daga ƙura, ka kuma tambayi likita tsawon kwanakin da za ka kiyaye shigar ruwa wajen wanka da alwala. Amma idan zafi yana ƙaruwa, ko gani ya ragu, ko haske ya fara damunka, ka koma asibiti a ranar, domin ƙwayar cuta a cikin ido ba ta jiran gobe.

Babban haɗarin da nake jiye wa masu wannan ciwo shi ne daina zuwa da zarar gani ya gyaru. Allurar tana danne yoyon ne, ba ta raba mutum da ciwon, kuma idan tabo ya zauna a makula, ganin da ya tafi da wuya ya dawo. Idan kuɗi ne ya yi nauyi, ka faɗa wa likita ƙarara, domin Avastin ta fi sauran araha nesa ba kusa ba. Kafin ka bar asibitin kuma, ka tabbatar an rubuta maka ranar dawowa a katinka.