Idan likita ya ce jaririnki na da gurbin ruwa a ƙwaƙwalwa

Forensefali likitoci ke ce masa. Wani ɓangare ne na ƙwaƙwalwa da ya lalace tun yaro na ciki ko wajen haihuwa, ko dai jini ya zuba a wajen ko jijiyar jini ta toshe ko wata cuta ta kama uwa tana da ciki, sai ruwan ƙwaƙwalwa ya cike gurbin. Bakwaini sun fi shiga haɗarinsa. Dan Allah a daina cewa ɗan ruwa ne ko iska ta taɓa shi, wallahi wannan maganar ta sa yara da yawa zaman gida har lokaci ya ƙure.

Abin da za ki lura da shi a gida: hannu ɗaya kullum a dunƙule babban yatsa a ciki, ɗayan kuma shi ke kai wa abu, yaron da bai shekara ba bai kamata a ce ya zaɓi hannu ba. Ya wuce wata 4 wuya bai tsaya ba. Jijjiga, ko ki ga yana zabura yana naɗewa sau da yawa a jere musamman in ya farka daga barci. Kansa kuma yana girma da sauri, maɗiga ta kumbura ta yi tauri.

Kina ganin haka ki kai shi wajen likitan yara. Tunda maɗiga ba ta rufe ba ta nan ake ɗora na'urar sikanin a leƙa ciki, ba zafi ba allura. MRI ya fi nuna girman gurbin, in akwai jijjiga a yi EEG, wato gwajin da ke auna aikin lantarkin ƙwaƙwalwa. Duk zuwa awo ki sa a auna zagayen kansa da tef a rubuta a katinsa.

Naman da ya lalace ba ya dawowa, gaskiya kenan, amma ƙwaƙwalwar jariri na iya koyon aiki ta wasu hanyoyin, shi ya sa nake nacewa a fara gashin ƙashi da wuri, a koyi atisayen a riƙa yi masa kullum a gida. Maganin farfaɗiya irin su fenobabiton ba a tsallake shi, ba a dainawa don an ga sauƙi sai likita ya ce. In ruwan ya taru yana danne ƙwaƙwalwa ana sa siririyar roba ta sauke shi daga kai zuwa cikin cikinsa, ana wannan aikin a manyan asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Shika.

In jijjiga ta tashi ki kwantar da shi ta gefe, kar a tura cokali a baki, kar a ɗura masa komai, kar a yi hayaƙi. Ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, a ɗauke shi sai asibiti.