Darasi na 6: Gas ɗin girki daga shara, a tanki mai zafi

Toh, yau zamu ga yadda kashin shanu da ragowar abinci da ɓawon kayan lambu suke zama gas. Wasu ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido baya gani suke cinye sharar a inda babu iska ko kaɗan, shi yasa dole tankin ya zama a rufe ruf. Gas ɗin da suke fitarwa kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari mitan ne, shine mai kamawa da wuta, sauran yawanci kabon dayoksaid ne sai kuma ɗan wani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Tankin da aka saba dashi yana aiki a zafin wajen digiri 35 zuwa 37 na ma'aunin Celsius, shara ta kan yi kusan wata guda a ciki. Namu na yau digiri 50 zuwa 55 yake so, in ka tsoma yatsa a ruwa mai wannan zafin da sauri zaka janye. A nan ruɓewar tafi sauri, sati biyu zuwa uku an gama, kuma zafin yana kashe yawancin ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki da irin ciyawa, kaga kenan abinda ya rage taki ne mai kyau.

Amma fa ƙwayoyin nan masu cinye sharar ƴan lallaɓa ne. Zafi ya sauka digiri biyu ko uku lokaci ɗaya sai kaga gas ya ja baya, tanki ya fara warin tsami, kai kuma kana ta ƙara shara kana zaton yunwa ce, alhali ƙara ɓata lamarin kake. In hakan ta faru dakatar da zubi na ƴan kwanaki, gyara zafin tukuna. Don haka nannaɗe tankin da abin riƙe zafi, sa ma'aunin zafi ka riƙa dubawa safe da yamma, kuma kar ka taɓa kwara ruwan sanyi a ciki, dama kashin da ruwan ɗumi, bokiti ɗaya na kashi ɗaya na ruwa. Kashin kaji kaɗan kaɗan, amoniyarsa, wato sinadarin nan mai warin fitsari, tayi yawa.

Gas ɗin farko bai dace da girki ba, sake shi a fili nesa da wuta. Sannan shafa ruwan sabulu a duk mahaɗar bututu, inda kumfa ta taso nan yake yoyo, ɗaure wajen kafin ka kunna murhu.