Kurakuran da aka fi yi wajen sauya kamfanin laftop idan sabon zubi bai gamsar ba

Mutum ya shekara biyar ko shida da laftop ta kamfani ɗaya, tana yi masa aiki ba ƙorafi. Ranar da ya shiga kasuwar Banex a Wuse 2, Abuja, zai sabunta, sai ya tarar sabuwar ta fi sirantaka amma ramukan jona waya sun ragu, madannai ba sa nutsewa kamar da, RAM kuma, wato ma'adanar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, an nane shi a jikin bod, babban allon da ke cikinta. Nan take zuciya ta ce a bar kamfanin gaba ɗaya. Wani lokaci shawarar daidai ce. Amma sau da yawa kuɗi ake zubarwa a koma gidan jiya, domin abin da aka gudu a nan shi ake tararwa a can.

Babban kuskuren shi ne yanke hukunci a kan sunan da ke bayan murfi. HP ba kwamfuta ɗaya ba ce. Akwai Pavilion da HP 250 da aka yi don sauƙin farashi, akwai ProBook da EliteBook da aka yi wa ma'aikatu. Haka Dell take da Inspiron a gefe guda, Latitude da Precision a ɗaya gefen. Haka Lenovo take da IdeaPad da kuma ThinkPad, wadda ta gada daga IBM a 2005. Tazarar da ke tsakanin IdeaPad da ThinkPad ta fi tazarar da ke tsakanin ThinkPad da Latitude nesa ba kusa ba. Wanda hinjin Pavilion, wato mahaɗin murfi da jiki, ya ɓalle masa ya yi fushi ya koma Inspiron bai je ko'ina ba, domin duka biyun ajin farashi ɗaya ne, kuma a wannan aji yawanci a jikin roba ake ɗaure kusoshin hinji. Ga wani abin da masu saye ba su cika sani ba: yawancin laftop na duniya wasu 'yan kamfanonin Taiwan ne ke harhaɗa su bisa kwangila, irin su Quanta, Compal, Wistron da Inventec, kuma ma'aikata ɗaya takan yi wa kamfanoni masu gasa da juna aiki. Don haka ka fara duba aji na sama a kamfanin da kake kafin ka tsallaka. In za ka kwatanta, ka ajiye EliteBook kusa da Latitude da ThinkPad T. A kula da sababbin sunaye kuma: a Janairun 2025 Dell ta sanar da sauya sunayen kayanta zuwa Dell, Dell Pro da Dell Pro Max, ajin Latitude ya koma ƙarƙashin Dell Pro, HP kuma tun 2024 ta tattara na gida ƙarƙashin sunan OmniBook.

Kuskure na biye da shi ya fi yawa, ya kuma fi tsada: mutum ya ce "sababbin ba su da kyau" ba tare da ya faɗi ainihin abin da ya dame shi ba. Ka ɗauki takarda ka rubuta shi da sunansa. Madannai ne? Zafi da ƙarar fanka? Batir? Hasken sikirin? Rashin ramin ƙara RAM? Sai ka tambayi kanka wannan matsala ta wane iri ce, domin iri uku ne, kuma maganinsu ya bambanta.

Akwai wadda ta game kasuwa duka. Nane RAM a bod na cikinta. Siraran laftop na kusan kowane kamfani suna amfani da RAM nau'in LPDDR, wanda a yawancinsu nanewa ake yi don rage kauri da cin wuta. A firosesar Intel Core Ultra 200V ta 2024 ma (firosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta) RAM ɗin a jikin firosesar yake, ko wane kamfani ne ya sa ta a kwamfutarsa. MacBook ta Apple kuwa RAM da ma'ajiya duka ba sa ciruwa. Batirin da ake zarewa ta baya a sa wani ya kusa ɓacewa ko'ina, ramin wayar intanet ma haka a sirara. Idan damuwarka a nan take, sauya kamfani ba zai warkar da ita ba. Abin yi shi ne ka nemi samfurin da ya ɗan fi kauri mai ramukan RAM biyu, ko ka sayi isasshen RAM tun ranar farko, 16GB aƙalla, 32GB ga mai zane ko haɗa bidiyo, tunda ba damar ƙari daga baya.

Akwai wadda ta zubi ɗaya ce ko biyu, kamfani ya gwada abu, masu saye su ƙi, ya janye. Apple ta kawo siraran madannai masu laƙabin malam-buɗe-littafi a 2015, ƙura kaɗan ta shiga ƙarƙashinsu sai harafi ya maƙale ko ya maimaita kansa, daga ƙarshen 2019 ta fara komawa tsohon tsari. A 2016 ta cire ramin HDMI da na katin SD da cajar MagSafe daga MacBook Pro, a 2021 ta dawo da su duka. ThinkPad T480 ta 2018 tana da ramukan RAM biyu da batirin waje da ake zarewa. T490 da ta biyo ta a 2019 ta zo da rami ɗaya, sauran RAM a nane, batirin waje babu. Sai a T14 zubi na 5, na 2024, ramukan biyu suka dawo. A irin wannan yanayi mai hikima yakan sayi samfurin da ya gabata, wanda an riga an san halinsa kuma farashinsa ya sauko, ko ya lallaɓa tsohuwarsa shekara ɗaya ya ga abin da zai fito.

Iri na uku ne kaɗai ke wajabta ƙaura: idan zubi uku a jere sun tafi hanyar da ba ta dace da aikinka ba, kuma wani kamfani a aji ɗaya yana da abin da kake nema. Marubucin da yatsunsa suka saba da madannai masu zurfi, ya gwada na wani kamfani ya ji sun fi, ba shi da dalilin zama don biyayya ga suna.

Wasu kuma ba sabuwar kwamfuta suke buƙata ba sam, tsohuwar ce ke neman kulawa. Ƙurar hunturu a Abuja tana toshe fanka da ƙarfen fitar da zafi, man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen yana bushewa, firosesa ta yi zafi ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, mai ita ya ce kamfanin ya lalace. Kafin ka kashe kuɗi, ka kai wa mai gyara ya buɗe, ya share fanka, ya goge tsohon man ya sa sabo. Idan har yanzu tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, ka musanya shi da SSD, ma'ajiyar zamani da ba ta juyawa. Faifai mai juyawa yana karanta kusan megabait 100 a daƙiƙa, SSD na SATA kusan 500, na NVMe kuwa dubbai. Ka ɗaga RAM daga 4GB ko 8GB zuwa 16GB in akwai rami. Batun batir, ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, ka buɗe rahoton ka kwatanta Design Capacity da Full Charge Capacity. Idan na biyun ya faɗi ƙasa da kashi 60 ko 70 cikin ɗari na na farkon, batir za ka canja, ba kamfani ba. Iyakar wannan gyara guda ce: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da firosesar Intel zubi na 8 zuwa sama, ko, a laftop, AMD Ryzen 3000 zuwa sama. Kwamfutar da ta gaza nan, kar a narka mata kuɗi mai yawa.

Daga nan sai kuskuren karanta lambobi rabi da rabi. Mai shago ya ce "ranka ya daɗe, wannan Core i7 ce", mai saye ya ji ya haye. Core i7-7500U ƙwayoyin aiki biyu gare ta, Core i5-8250U kuwa huɗu, kuma ta fi ta gudu a fili. Ka karanta lambar gaba ɗaya, da harafin ƙarshe: U ta masu tattalin wuta ce, kusan wat 15, H ta masu ƙarfi ce, kusan wat 45, tana shan batir tana fitar da zafi. Sikirin ma ana yin sakaci da shi. Samfuri ɗaya yakan zo da sikirin iri uku ko huɗu, daga 1366x768 mai dishi-dishi zuwa 1920x1080 na IPS. Da nit ake auna hasken sikirin, kuma nit 250 bai isa mai aiki kusa da taga ba, ka nemi 300 zuwa 400. Mutane da yawa da ke cewa sikirin wani kamfani ba kyau, mafi arha a jerin suka saya. Batir kuma da Wh, ma'aunin yawan wutar da yake ɗauka, ake auna shi, ba da alkawarin awoyi da ke jikin kwali ba. A unguwar da wuta ke ɗaukewa rabin yini, bambancin 45Wh da 57Wh ko 70Wh shi ne bambancin gama aiki da tada janareta.

Tsallakawa zuwa MacBook na da nasa tarkon. Tun da Apple ta fito da firosesar M1 a Nuwamban 2020 batirin MacBook ke daɗewa ƙwarai, kuma wannan ya ja mutane da yawa, da gaskiyarsu. Sai dai ka jera manhajojin da kake cin abinci da su kafin ka biya. Revit, SolidWorks, ArcGIS Pro, Microsoft Access da Power BI Desktop ba su da na Mac. Boot Camp, wanda da ake sa Windows da shi kai tsaye, ba ya aiki a firosesar M. Sai dai a yi ta manhaja irin Parallels, wadda kuɗi ake biya, kuma Windows na ARM, nau'in da aka yi wa irin wannan firosesa, za ta ɗauka, ba kowane abu ke tafiya daidai a kai ba. Mai zanen gine-gine ko mai safiyo da ke kai aiki ma'aikatu ya yi tunani sau biyu. Faifan ajiya na waje da aka tsara da NTFS, tsarin ajiya na Windows, kuwa Mac karantawa kawai take yi, ba ta rubutu a kai, sai an kwashe kayan an sake tsara shi da exFAT. Irin wannan taka tsantsan ya shafi laftop na Windows masu firosesar Snapdragon X da suka fito a 2024: tsohuwar firinta, na'urar ɗaukar hoton yatsa ko manhajar lissafin ofis na iya rasa direba, wato ƙaramar manhajar da za ta sa su yi aiki da kwamfutar. Mai yawan rubutu da Hausa kuma ya gwada a shago ya ga yadda zai fitar da ƙ, ɗ da ɓ a sabon tsarin.

Ana kuma manta cewa ba kwamfutar kaɗai ake sauyawa ba. Cajar HP mai shuɗin baki, ta Lenovo mai baki murabba'i da ta Dell mai allura a tsakiya ba sa maye gurbin juna, ko da bakin ya yi kama. Dell takan tantance cajarta ta wannan allura, in ba ta gane ta ba sai ta ƙi cika batir ta rage gudu. Wanda ya ajiye caja a gida da ofis da mota zai sake saye uku, sai in sabuwar na caji ta USB-C, inda caja mai wat 65 ta isa yawancin na ofis. Mafi muhimmanci shi ne kayan gyara. Kafin ka sayi samfurin da ba a saba gani ba, ka zaga masu gyara biyu ko uku a Banex ko Emab ka tambaye su kai tsaye: "Malam, in sikirin wannan ya fashe akwai shi a ƙasa, ko sai an aiko daga Computer Village a Ikeja, ko sai daga waje?" Ka tambayi batir da madannai ma. EliteBook, Latitude da ThinkPad suna da kaya a kasuwa saboda yawan na hannu da ake shigowa da su. Kwamfutar da masu sharhi a Amurka suka yaba tana iya kwana wata guda a teburin mai gyara tana jiran fanka. Garanti ma ka bincika da kanka: ka sa lambar jikin kwamfutar a shafin kamfanin ka ga ranar ƙarewa da ƙasar da aka yi rajista, domin ba kowane garanti na waje ke aiki a Najeriya ba.

Idan ta hannu za ka saya daga sabon kamfanin, kar gaggawar mai shago ta hana ka gwaji. Ka shiga BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka tabbata ba kalmar sirri a kai, domin a ThinkPad da sababbin EliteBook cire ta aiki ne babba. Ka sa a goge komai a sake sa Windows a gabanka, a jona intanet yayin saitin farko. In sunan wata ma'aikata ya fito yana neman shiga da imel ɗinta, kwamfutar na ɗaure da tsohon mai ita, ka ajiye ta. A Mac ka tabbata an fita daga asusun iCloud, ka duba ko akwai alamar kulawar wata ma'aikata a saiti, ka duba adadin zagayen caji, wanda Apple ta ƙiyasta batirin MacBook na yanzu a kan 1000. Ka danna kowane madanni, ka gwada kowane rami da filash, ka buɗe farin shafi da baƙi don ganin tabo a sikirin, ka buɗe murfin ka rufe kana sauraron hinji, ka kunna bidiyo minti 15 ba caja kana jin zafin ƙasanta. Ka karɓi rasit mai lambar kwamfutar da kwanakin gwaji a rubuce. Tsohuwarka kuma kar ka sayar ko ka ba da ita musaya sai ka kwafe fayilolinka wuri biyu, ka adana mabuɗin BitLocker, makullin da Windows ke kulle faifai da shi, daga asusunka na Microsoft, ka cire lasisin manhajojin da ka saya, kuma sabuwar ta yi mako biyu tana ɗaukar aikinka na yau da kullum.