Yadda Za Ka Gyara Ƙungiyar da Raunin Shugaba da Son Kai Suka Yi Wa Katutu

Na taɓa zama a wani kwamiti na mutum tara. Wata rana wata matashiya a cikinmu ta kawo shawarar yadda za mu rage jinkirin aiki. Ta yi magana kamar minti biyu, muryarta na ɗan rawa, shugabanmu kuwa yana duba wayarsa. Aka wuce batu na gaba. Can bayan rabin awa, wani ɗan gaban goshi ya maimaita maganar nan, sai ɗaki ya ɗauki "madalla, madalla". Na ga shugaba ya ɗaga kai ya kalle ta, ya san ita ta fara faɗa, amma bai ce uffan ba. Ni ma ban ce ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Wata huɗu bayan nan ta ajiye aiki.

Shugaban nan ba mugu ba ne, mutum ne mai gudun ɓacin ran kowa. Sai dai duk hukuncin da shugaba ya ƙi yankewa, wani ne zai yanke shi, kuma galibi masu ƙarfin murya ne da tsofaffin abokansu, da duk zaton da suka daɗe suna yi wa mata, ko matasa, ko wanda ba yarensu ko addininsu ɗaya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ko kai ne shugaba ko mamba kawai, ga ta inda za ka fara toshe tsagar.

Mataki na farko: ka ƙirga kafin ka yi ƙorafi

Idan ka miƙe ka ce "akwai son kai a nan", kowa zai rantse ba shi ba ne, kuma da gaske yake. Don haka ka ɗauki wata biyu kana rubutawa. Wa ke magana a taro? Wa ake katsewa? Wa ake turawa horo, wa kuma kullum ake bar wa rubuta bayanin taro? Su wa suka samu ƙarin girma, su wa suka tafi?

Ƙirge ne ke fito da abin da ido ya saba da shi har ya daina gani. A wani bincike da aka wallafa a 2004, masana tattalin arziki Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga masu ɗaukar ma'aikata a biranen Boston da Chicago na Amurka. Sunayen da ke sama kawai suka riƙa sauyawa. Takardun da ke ɗauke da sunayen da aka san fararen fata da su sun fi masu sunayen baƙaƙen fata samun kira da kusan kashi 50 cikin 100. Da an tambayi masu tantancewar nan ɗaya bayan ɗaya, da wuya a samu wanda zai yarda suna ya duba.

Mataki na biyu: a rubuta ma'auni kafin a ga fuska

Duk lokacin da za a ɗauki ma'aikaci, ko a ƙara girma, ko a raba wata dama, a fara amincewa da abubuwa uku ko huɗu da ake nema, a rubuce. Kowane mai tantancewa ya ba da makinsa shi kaɗai kafin a haɗu. Inda zai yiwu, a rufe sunaye. Manyan ƙungiyoyin kiɗan gargajiyar Turawa a Amurka sun yi haka: mai neman shiga yana kiɗansa a bayan labule, har da shimfiɗa darduma don kada ƙarar takalmi ta nuna mace ce. A 1970 mata ba su kai kashi 5 cikin 100 na makaɗan manyan ƙungiyoyi biyar ba, zuwa 1997 sun kai kashi 25. Labulen ba shi kaɗai ya kawo sauyin ba, amma ya tilasta wa alƙalai su saurari kiɗan.

Rubutaccen ma'auni garkuwa ce ma ga shugaba mai kunya. Idan an zo neman alfarma, yana da takardar da zai nuna.

Mataki na uku: a sauya yadda ake taro

A nan ne nake ganin an fi yin ɓarna, a nan ne kuma gyara ya fi sauƙi. Shugaba ya zama na ƙarshe da zai faɗi ra'ayinsa, ƙananan ma'aikata su fara. Idan batun babba ne, kowa ya rubuta matsayinsa a takarda kafin a buɗe baki.

A 1951 masanin halayyar ɗan Adam Solomon Asch ya nuna wa mutane layuka ya ce su zaɓi wanda ya yi daidai da wani layi a tsawo, abin da yaro ma zai gane. Amma ya zaunar da su cikin mutanen da aka shirya su ba da amsar kuskure. Kusan uku cikin huɗu sun bi jama'a aƙalla sau ɗaya. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, da aka samu mutum ɗaya tak a ɗakin da ya faɗi gaskiya, sai bin ayarin ya ragu ƙwarai. To kai ne mutum ɗayan nan. Ba sai ka yi faɗa ba. "Ranka ya daɗe, a bari ta ƙarasa." Ko kuma, "Wannan ai shawarar da ta kawo ɗazu ce, mu koma mu ji bayaninta." Abin da ya kamata in faɗa ke nan a kwamitinmu.

Kuma a rubuta saɓani a bayanin taro, da sunan mai shi da dalilinsa. A daren 27 ga Janairun 1986, injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokokin kumbon sararin samaniya na Amurka mai suna Challenger sun yi gargaɗin cewa sanyi zai iya hana zoben robar da ke toshe mahaɗar roka aiki. Manajojin kamfanin suka keɓe, suka amince a harba. Washegari kumbon ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi, mutum bakwai suka mutu. Gargaɗin bai kai ga manyan da suka ba da izinin ƙarshe ba.

Mataki na huɗu: a hana warware hukunci a bayan fage

Babbar alamar shugaba mai rauni ita ce, a yanke magana a taro, da yamma wani ya bi shi ofis ya rufe ƙofa, da safe a ji ta canza. Ku kafa doka ɗaya: abin da aka yanke a taro, a taro kaɗai ake warware shi. Kowane hukunci a rubuta wanda zai aiwatar, da ranar gamawa, a raba wa kowa kafin a kwana.

Idan za ka yi wa shugaba magana, ka same shi a keɓe, ku biyu ko uku, da takardar ƙirgenka a hannu. Kada ka ce masa ya gaza, zai kare kansa ne kawai. Ka roƙe shi abu guda da zai iya yi a taro mai zuwa.

Mataki na biyar: hanyar koke da wa'adi

Kada koke ya bi ta hannun wanda ake kuka da shi. A ware mutum biyu da ba sa ƙarƙashinsa su karɓa, su ba da amsa cikin kwanakin da aka ƙayyade. Kowace kujera kuma a sa mata wa'adi.

Bayan wata shida ka sake yin ƙirgen farko, ka jera takardun biyu. Idan babu abin da ya motsa, ko an fara cire sunanka daga taruka saboda ka yi magana, ka kai takardun gaban kwamitin amintattu ko babban taron mambobi, tare da waɗanda suka raka ka wurin shugaba. Ka ajiye kwafi a wurinka, da kwanan wata a kan kowane shafi.