Yadda za ku tausasa sabuwar safar hannu ta besbol a gida

Iyayen da yaransu ke buga besbol ko softbol (wasannin dukan ƙwallo da sanda) a makarantun sakandaren Amurka, idan kun sayi sabuwar safar cafke ƙwallo, kada ku biya kuɗin tausasa ta a shago.

Ku shafa mata man gyaran kayan fata ɗan kaɗan a tafi, ku cusa ƙwallo a aljihunta, wato lungun da ƙwallo ke shiga idan an cafke, ku ɗaure ta da igiya, sannan ku bar ta ta kwana. Da rana kuma yaro ya riƙa jifa da cafkewa da ita, domin fatar saniya tana ɗaukar siffar abin da aka matse ta a kansa, kuma hannun mai ita ne ya fi dacewa ya horar da ita.

Ku lura da girman ƙwallon. Kewayen na besbol kusan inci 9 ne, na softbol da 'yan sakandare ke bugawa kuwa inci 12. Ni na ɗaure safar 'yata mai buga softbol da ƙwallon besbol, aljihun ya fito a tsuke, ƙwallo ya dinga suɓuce mata a fili.

Dabarar ba ta cika aiki a safar roba ba. Man da ya yi yawa yana ƙara mata nauyi, idan kuma aka saka ta a tanda don ta yi laushi, zafin yana busar da fatar har ta tsage.