Yadda Magidanci Zai Biya Bashi Ba Tare Da Ya Hana Iyalinsa Ɗan Marmari Ba

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, gidaje da yawa a Nijeriya suka koma cin bashi kafin wata ya ƙare: na mai shago, na dangi, na ƙungiyar ma'aikata, da na manhajojin waya masu ba da rance nan take. Idan bashi ya yi wa mutum katutu, abin da ya fi saurin yi shi ne ya ɗauki alkawarin daina sayen duk wani abin marmari, sai dai irin wannan alkawari bai cika ɗorewa ba, domin bayan 'yan makonni na ƙunci akan wayi gari an kashe fiye da abin da aka tattala. Abin da ya fi shi ne a ware wa marmarin kasonsa, a kuma yi masa iyaka.

A fara da rubuta kowane bashi a takarda ɗaya, da sunan mai shi, da adadinsa, da ranar biya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, amma mu kan bar shi a ka har sai mai shago ya buɗe littafinsa. Daga nan a sa wanda yake hauhawa a sahun gaba, musamman na manhajojin waya, waɗanda ruwansu da tarar jinkirinsu suke ƙaruwa cikin kwanaki, wasunsu ma har sukan aika wa mutanen da ke cikin wayar mutum saƙon tozarci. Na mai shago da na ɗan'uwa ba sa haihuwa, amma suna cin mutunci idan aka yi shiru, saboda haka a je a faɗa musu abin da za a riƙa kawowa duk wata, ko da kaɗan ne, a kuma cika.

Ranar da albashi ko ribar kasuwa ta shigo, bashi ake fara cirewa, sannan abinci, haya da kuɗin makaranta. Sai bayan haka a ware kuɗin marmari. Ga mai samun naira 150,000 a wata, alal misali, kashi biyar cikin ɗari, wato naira 7,500, zai isa a sayo tsire ko balangu sau ɗaya ko biyu, ko a yi wa yara tsarabar fura da yogot ranar Juma'a. Ya fi kyau a ciro kuɗin a hannu a ajiye su daban, domin tura kuɗi ta waya ba ya sa mutum ya ji zafin fitarsu. Idan sun ƙare, sun ƙare sai wani watan, kuma ba a karɓar abin marmari bashi ko da mai nama ya ce a kawo gobe.

A ganina tsiren ƙarshen mako ba shi ne yake karya magidanci ba. Abin da yake yin ɓarna shi ne ƙananan kashe-kashen da suka zama al'ada har ba a lissafa su: lemon kwalba bayan cin abinci, datar kallon bidiyo, hawa babur a tafiyar da ƙafa za ta iya. Naira 500 a kullum ita ce 15,000 a wata, ninki biyu ke nan na kason marmarin da aka ambata. Wanda ya rubuta duk abin da ya kashe na mako guda zai ga inda kuɗinsa suke zurarewa, sai ya zaɓi abu ɗaya da yake jin daɗinsa da gaske ya riƙe, ya saki sauran.

Wuri mafi wuya shi ne sha'anin biki da suna, inda anko da gudummawa suke zuwa da nauyin zumunci, kuma sau da yawa uwargida ce take ɗaukar kunyar rashin yi. Don haka dole ne ta san adadin bashin tun farko, a kuma yanke shawara tare cewa ankon 'yan'uwa na jini kaɗai za a yi, sauran a halarta da kayan da ake da su, a ba da abin da ya sawwaƙa. Haka ma Sallah: a riƙa ajiye ɗan wani abu ko a shiga adashi watanni kafin ta zo, domin ɗinkin yara. Layya kuwa a kan mai hali take, ba a ɗora wa wanda bashi ya danne ya ƙara wani don ya sayi rago ba.

Idan aka gama biyan bashi ɗaya, kada kuɗin da ake biyansa da su su narke cikin cefane. A mayar da mafi yawansu kan bashi na gaba a jerin, a ƙara ɗan kaɗan a kason marmari, ko da naira 1,000 ce, domin iyali su ga amfanin haƙurin da suka yi.