Yadda Na Gyara Jimlar da Ke Ba da Sifili a Excel

Ɗalibaina a nan Kano suna lissafin ribar buhunan masara da farashin kasuwar Dawanau, sai fomular =SUM(C2:C30), wadda ke haɗa jimlar lambobin da ke gidajen C2 zuwa C30, ta dinga ba da sifili. Na duba ko lissafin yana kan Manual (wato sai an umarci Excel ya sabunta lissafi), na tarar yana Automatic (wato yana sabuntawa da kansa). Na sake rubuta fomular, shiru.

Can na lura lambobin sun jingina hagu, alhali lamba dama take zama. Ashe yaran N suke sawa gaban kowane farashi, Excel ya ɗauke su rubutu. Na zaɓi C2 zuwa C30, na danna Ctrl+H, wanda ke buɗe wurin nemowa da musanyawa, na sa N a akwatin sama, na bar na ƙasa fayau, sannan Replace All. Nan take jimla ta fito, alhamdulillahi. Alamar naira kuwa, a Format Cells, ƙarƙashin Currency, muka sa ta.